Takalman da Kake Aiko wa Inna

Maamobi, Akra
Watan Shawwal, 1986

Zuwa ga Yaya Iliasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a Legas. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan kalau muke, an yi Sallah lafiya, Abibata ma ta haihu, namiji.

Yaya, riƙe zuciyarka. Ranar idi Inna ta sa takalmin da ka aiko, mai tsinin nan. Ba mu kai bakin titin Nima ba ta durƙushe. Da na cire mata safa, wallahi sai da na yi salati. Ƙashin gindin babban yatsanta ya turo waje kamar goro, yatsan ya hau kan ɗan'uwansa, wurin duk ya kumbura. Ashe shekarun nan takalmanka matse ta suke, mu kuwa muna tsokanarta wai tafiyar hajiyoyi take koyo!

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta kau da kai, ta ce ina ita ina kushe kyautar ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta iya kamawa? Kai ma kunyar ce ta hana ka tambayar lambar ƙafarta, ka yi ta saye da ka. Ka ga inda kara ta kai mu, alhali ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Na kai ta wurin Zuberu baduku a Kotobabi. Ya zana ƙafarta a takardar siminti, ya ce zai ɗinka mai faɗin baki da fata mai laushi, ya bar wa ƙashin wuri. Amma ya ce in ta koma wa masu tsinin nan, tafiyar ma za ta gagare ta. Inna ta ƙi, sai da ya yarda zai farke naka ya yi saman sabon da fatarsu, don in ka zo ka ga abinka a ƙafarta. Nan na fashe da kuka a gaban mutane.

Ta hana ni gaya maka, na karya. Don Allah kada ka ƙara aiko takalmi. Ka zo da kanka ka ga ƙafar.

Ka gai da Yaya Sanatu da su Jalilu. Inna ta ce a gai da "mutanen Legas", ka san wa take nufi.

Ƙanwarka,
Lauratu