Gandar da Yaya Maharazu Ya Ci

Tani,

Na samo ƙaramin famfon nan wurin wani maƙeri Bayarabe, don ki daina ƙona hannu wajen kwasar tafasasshen ruwan gandarki. Kina gidan suna na gwada shi a babbar tukunya. Ashe da wata tsohuwar fata a liƙe a cikin famfon! Nan take ta dahu ta faɗo, na tsame ta na sa a akushi.

Sai ga yayanki Maharazu. Na so in yi magana, amma ya riga ya barbaɗa yaji. Ya cinye tas, yana ta santi.

Na tafi tasha sauke goro. Don Allah kada ki gaya masa. Gobe zai zo da baƙi, wai irin ta yau yake so.

Labaran