Wayar da Ta Tsinke, Injin Bai Tsaya Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Aisa, wadda ke kwance a maƙabartar Gidan Goga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan rahamar Allah ta lulluɓe ki. Inna, yau shekarata biyar da wata huɗu rabona da gida. Ina nan Fatakwal, a kamfanin sanyaya kifin nan, ina gyaran wuta. Lafiyata lau, in ban da gajiya.

Kin tuna ranar da kika kai mini fura wurin burtsatsen gari, kika iske na buɗe akwatin wutar injin? Kika tsaya nesa kina leƙe, wai kada ta ja ki. Na nuna miki wayoyi uku masu kaurin yatsa, na ce su ke ɗauko ƙarfin da ke juya injin, mu fawa muke ce musu. Kika yi dariya har kika riƙe ciki, kika ce: "Ashe kai ma fawa ka ƙare da ita, kamar kakanka sarkin fawa."

Sannan na nuna miki sirara, ja da shuɗi, kamar zaren saƙa. Na ce waɗannan kwanturol ne. Ba su ɗaukar kaya, umarni kawai suke kaiwa: tashi, tsaya. Jaririn da bai iya ɗaga buta ba ma, zai iya danna maɓalli, siririyar ta kai saƙo, masu kaurin su kama aiki. Kika dube su, kika ce: "To ai ƙaramar ita ce uwa."

Malam Ɗanjuma da ya koya mini aiki a Mafara ya yi shekara uku yana fama da ni a kan bambancin nan. Ke a tsaye ɗaya kika gane.

Akwai abin da ban nuna miki ba ranar, don ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Koren maɓalli, sau ɗaya ake danna shi. Da injin ya tashi, wani ɗan ƙarfe a ciki yana kama kansa ya riƙe. Mai dannawa ya ɗauke yatsa, ya tafi kasuwa, ya yi tafiya, ya mutu ma, injin na nan yana juyi. Ba ya tsayawa sai an zo an danna ja.

Inna, ke kika danna koren.

Lokacin da mutanen daji suka aiko cewa suna neman mai gyaran wuta ya haɗa musu sola da famfo a sansaninsu, suka kira sunana, ba ki yi kuka ba. Kika ɗaure mini kaya a buhun taki, kika sa filayata da tastar gwajin wuta a ciki da hannunki. A bakin zaure kika ce: "Tahi. Kak ka komo sai na yi kiranka." Na ce to. Ban taɓa ce miki wani abu ba sai to.

Ba na ganin laifinki, Allah shi ne shaida. Da suka rasa ni, Kabiru suka ɗauka, wanda muka yi koyo tare, muka sha haɗa injinan ban ruwa a gonakin Bakura. Har yau ba a ga Kabiru ba. Da ba ki kore ni ba, da uwarsa na tare da ɗanta yanzu, ke ce kika rasa ni. Na san wannan. Ina tuna shi kullum in na wuce madubi.

Amma Inna, kin tafi ba ki kira ba.

Yaya Lawali ya bugo mini bayan an yi miki sutura. Ya ce ba su gaya mini ciwon ba don ke kika hana, kin san zan taso. Na ce to yanzu fa? Ya ce hanyar Maradun ba ta yi kyau ba tukuna, kuma maganarki na nan, shi ba ya da bakin janye ta. Bara na sake tambaya, haka ya ce. Bana ma haka. Ba na zarginsa da komai. Abin da nake aikawa shi ke riƙe da gidan, tun da gonar bayan gari ta gagara zuwa, kuma shi ne ke kwana da tsoron, ba ni ba. Sai dai na lura, duk wanda ke cin moriyar inji ba ya gaggawar neman jan maɓalli.

Na tambayi wani malami a masallacin 'yan arewa. Ya ce umarnin uwa don tsare rai ne, in dalilin ya gushe, na koma babu laifi. Na ce wa zai gaya mini ya gushe? Ya ce Allah ya sani. Gaskiya ya faɗa, amma da tambayata na koma bakin aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. A aikinmu, da gangan ake haɗa kwanturol yadda in siririyar waya ta tsinke, ko ɓera ya ci ta, injin zai tsaya da kansa. Don kada ya yi ta juyi babu mai iko da shi. Duk akwatin da na haɗa a garin nan haka na haɗa shi, ban taɓa ha'inci ba. Ni tawa wayar ta tsinke shekara biyu ke nan, ban tsaya ba. Ina ɗumi, ina ƙara, ina ɗaukar kaya. In kebul ya yi haka a wurin aiki, cewa nake a kashe kafin ya narke.

Saƙon muryar da kika bari a wayar Yaya, ya turo mini. Na saurare shi har na haddace inda kike tari. Kin tambayi ko ina cin abinci. Kin ce in riƙe salla. Kin ce ruwan can ba ya da kyau, in dinga tafasawa. A ƙarshe kika ja numfashi kamar za ki ƙara wani abu, sai saƙon ya yanke. A wannan numfashin nake zaune, Inna.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya yafe mini wannan ƙorafi da na kawo miki inda ba ki iya amsawa. Allah ya bayyana Kabiru. Allah ya buɗe hanya.

Kin ce in dinga gaya miki abin da na tara, kada bariki ta cinye ni. Ga shi. Yatsu goma, ba wanda wuta ta ci. Filaya ɗaya da tasta ɗaya, waɗanda kika sa a buhu. Buhun takin, a ninke ƙarƙashin katifa. Turmin atamfa da na saya miki kafin labari ya zo. Kuɗin mota zuwa Mafara, tafiya ɗaya. Da muryarki, daƙiƙa arba'in da ɗaya, babu "komo" a ciki.

Ɗanki mai jiran kira,
Sanusi