Santimita Huɗu a Loma Overa

Loma Overa,
farkon watan Yuli, tsakiyar hunturunmu.

Zuwa ga ƙanena Fabián,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Griselda da yara. Ni lafiyata lau, in ka cire hancina da ya daina jin komai don sanyi.

Ka ga takarda maimakon ka ji muryata a oba-oba, ko? Iskar ranar Lahadi ce ta fizge farfelar injin iska da ke caja mini batir, ta yi gabas da ita. Ina jin yanzu tana cikin teku. Maƙwabcina Segundo Painemil ne zai kai wannan bakin kwalta a kan doki, ya ba direban bas.

Ka karanta a zaune, don na san ka da karatun tsaye. Dusar ƙanƙara ta zuba kwana da kwanaki, amma ba ta zauna inda ta faɗi ba. Iskar yamma ta share ta daga fili ta zuba a kwari. Hanyar mota ta Kwarin Zorrino ta cike har ba a ganin kawunan sandunan shinge. Ciyawar da tumaki ke ci da hunturu tana ƙarƙashin wannan tsibin, a kan tudu kuwa ba abin ci sai tsakuwa. Jiya na ga tunkiya tana tsinkar gashin 'yar'uwarta tana taunawa. Fabián, tsoro ya kama ni. Harawar da na saya tana nan jibge a bayan garejinka, kuma in ba ta iso nan kusa ba, garken da Baba ya bar mana zai zama ƙashi.

Ka je ofishin hanyoyi ka roƙe su su turo gireda ta buɗe kwarin. Na ce ka roƙa. Ban ce ka buga tebur ba.

Ga awon safiyar yau, ka miƙa wa Don Ulises, shugaban ƙungiyarmu ta masu lura da yanayi, don kada layin tashata ta awo ya zauna fanko: iska daga yamma, ta wuce kilomita ɗari a awa, ƙanƙara a kan allon awo, santimita huɗu. Na san za ka yi dariya, tunda ta bayan kicin sai da shebur nake fita. To haka ƙa'idar take, a buɗaɗɗen fili ake awo, ba a inda iska ta tara ba.

Ka sa mini ganyen shayinmu na mate a buhun da za ka ba direba, nawa saura gari. Ka gaishe da Griselda.

Yayarka,
Herminia

*

Puerto Almagro,
ranar Talata.

Yaya Herminia,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, sai ni da raina ke a ɓace.

Na je ofishin, kuma ban buga tebur ba, kujera kawai na ture. Wani mai gashin baki ne a wurin, yana shan mate bai ko yi mini tayi ba. Ya ce giredarsu biyu ce tak a duk gundumar, su kuma ba su da masu awo a karkara, saboda haka awon ƙungiyarku suke bi, inda ƙanƙara ta fi zurfi can ake fara zuwa. Ya bi takarda da yatsa.

"Loma Overa, Loma Overa... santimita huɗu. Abokina, ai wannan ko keke zai wuce."

Na ce, "Kwarin ya cike har baki! Doki ma ta kan tudu yake zagayawa."

Ya ce, "Wa ya faɗa?"

"Yayata."

"Wa ya rubuta huɗun?"

"Yayata."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To ku je ku daidaita a gida."

Yaya, kun shekara da shekaru kuna ɗaga kai sama kamar kaji na shan ruwa, kowace safiya ku taru a oba-oba kuna gardama kan wanda iskarsa ta fi ƙarfi, ban taɓa cewa uffan ba. Sha'awarku ce. Amma yau ƙa'idarku ce ta ajiye ki a ƙarshen layi, kuma da hannunki kika rubuta.

Don haka na gyara. Rubutunki ba shi da wuyar kwaikwayo, tun muna firamare na iya. Na yi 'yar takarda da sunanki na zura ta ƙarƙashin ƙofar Don Ulises: ƙanƙara, mita ɗaya da santimita ashirin. Gobe zai kai ofis, jibi ki ji ƙarar gireda. Ki zage ni daga baya, in tumakin sun ƙoshi.

Ga mate, ga batir ƙanana na 'yar rediyonki ta kicin. Griselda ta ƙara da safa. Ta ce in gaya miki ba ta da hannu a maganar takardar.

Ƙanenki,
Fabián

*

Ƙungiyar Masu Lura da Yanayi,
Puerto Almagro.

Zuwa ga Doña Herminia Antilef, mai kula da tashar Loma Overa.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na ji labarin farfela, kuma na sa a nemo wata.

Da baƙin ciki nake rubuta abin da ke biye. Na sami awonki na mita ɗaya da ashirin. Tashar da ke arewa da ke ta ba da santimita shida a ranar, ta kudu ta ba da uku, kuma tun bayan awonki na santimita huɗu sama garau take a duk yankin. Ƙanƙarar da ba ta faɗo ba ba za ta hau allo ba. Abin da na fahimta shi ne kin soka sanda a cikin tsibi.

Ni na koya miki awo, Doña Herminia, a shekarar da kika shigo ƙungiya, kuma a gaban kowa na sha cewa in awonki da nawa suka saɓa, nawa zan sake dubawa. Shi ya sa abin ya yi mini zafi.

Na soke wannan lamba, ban kai ta ofis ba. Bisa dokarmu, an dakatar da awon tasharki har bazara. Ofishin hanyoyi ya yarda da mu ne don ba mu taɓa ƙara masa ko ɗaya ba.

Ki huta lafiya.

Ulises Bertolotti,
Shugaba

*

Loma Overa,
ranar Asabar.

Don Ulises, ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka da ta ƙanena sun zo a aljihu ɗaya, na karanta su a jere, sannan na fita waje na yi ihu. Abin da ke da kyau da iskar nan shi ne ba mai jin ka.

Ba ni na rubuta mita ɗaya da ashirin ba. Fabián ne, kuma zai gaya maka da bakinsa ko in ja masa kunne a gaban 'ya'yansa. Ka yi daidai da ka soke. Amma ka ba ni haushi, ranka ya daɗe. Ka ga lamba ta hauka daga matar da ba ta taɓa yi maka ƙarya ba, sai ka auna ta da tashar arewa da ta kudu, ba ka ce ko me ya same ta ba. Abin da ya same ni shi ne kwarin ya toshe, harawata tana gari, tumakina suna mutuwa. Ni ma da na aiko da huɗu ban ƙara kalma ko ɗaya a gefe ba, don layin ba shi da wurin ƙari. Dukanmu allo muke kallo.

Yau ma huɗu ne. Ka rubuta ko kada ka rubuta, huɗu ne.

Ba zan zauna jiran gireda ba. Da Segundo ya kawo wasiƙun na tambaye shi yadda doki ke kai shi kwalta. Ya ce, "Doña, ai doron tudu nake bi. Iska ta lashe shi tas, sai ka ce an yi shara don zuwan baƙi."

Na ce, "Tumaki za su bi?"

Ya cire hula ya sosa kai. "Za su bi, in iska ta bari. In ta taso muna sama, za su juya mata baya su gangara, su cusa kai cikin kwari. Mu ma ta gangara da mu."

"In ta kwanta fa?"

"In ta kwanta, yini guda da rabi ya ishe mu. Amma wa ya san ranar? Ke da tsofaffin abokanki?"

Na ce masa e, mu.

To ga roƙona. Ka dakatar da ni har bazara, ban damu ba. Amma kana da mutane daga bakin tekun Chile har zuwa nan, kowa da ma'auninsa a bango. Ku samo mini ranar da iskar nan za ta numfasa. Ka aiko ta shirin saƙonnin karkara na tsakar rana, 'yar rediyon kicin tana kamawa. Fabián ya loda harawa a babbar mota ya jira mu inda hanyata ta haɗu da kwalta.

Na yanke shawara, kada wani ya ɓata tawada wajen hana ni.

Herminia Antilef

*

Puerto Almagro,
ranar Litinin.

Doña Herminia,

Ina gaishe ki, kuma ina neman afuwa. Ban tambaya ba, ya kamata in tambaya. Dakatarwa ta tashi.

Ƙanenki ya zo da kansa, hula a hannu. Ya fara da ba da haƙuri ya ƙare da kira na tsohon agogo. Na ba shi mate, mun rabu lafiya.

Na je ofis da wasiƙarki na karanta musu ita da ƙarfi. Sun yarda su sa kwarin a gaba, amma gireda ɗaya ta lalace, ɗayar tana can arewa tana buɗe hanyar wata makaranta. Ba su iya ba ni rana ba. Saboda haka shirinki za mu bi.

Na faɗa wa 'yan ƙungiya a zagayen safe na oba-oba. Sai Eleuterio na bakin tekun Chile, wanda ba ya jituwa da kowa, ya ce, "To me muke jira? A yi zagaye uku a yini." Haka muke yi yanzu, har da waɗanda suka yi shekara ba su leƙo ba. In allurar ma'aunin nauyin iska ta fara hawa a wurin Eleuterio, ta hau a tashoshin tsaunuka a bayansa, iska kan kwanta a wajenku. Sau da yawa na ga haka. Ba kullum ba, kuma ba zan ɓoye miki wannan ba.

Ki tara garken kusa da gida, ki ɗaure kaya, ki riƙa kunna rediyo da tsakar rana. Ba zan ce ki fito ba sai tashoshi sun yarda da juna. Fabián ya riga ya loda mota. Ni ba zan bi shi ba, a gaban oba-oba na fi amfani.

Allah ya kai ku lafiya.

Ulises

*

Bakin kwalta,
ranar Juma'a.

Don Ulises,

Gaisuwa. A kan gwiwa nake rubutu cikin motar Fabián, ka yi haƙuri da hannun.

Mun iso. Na ji saƙonka muka fita, kuma iska ta kwanta kamar yadda kuka ce. Ka gode wa kowa, har Eleuterio. Amma iskar ta dawo da wuri, muna kan tudu na ƙarshe, muna hango fitilar mota. Na gaban garken sun sauko. Na baya, wajen kashi ɗaya cikin uku, sun juya suka gangara kwari, muna kallo ƙanƙara ta rufe su. Kada ka ɗora wa kanka, ka gaya mini ba kullum ba.

Waɗanda suka iso suna cin harawa. Fabián ya yi kuka ya ce sanyi ne.

Yanzun nan gireda ta iso, za ta shiga kwarin. Segundo ya ce tunkiya kan yi kwanaki da rai a ƙarƙashin ƙanƙara, numfashinta yana huda ɗan rami a sama, in mutum ya duba da kyau zai gani. Fabián ya ce in bi shi gari a duba mini yatsun ƙafa da sanyi ya sandarar. Na ce yatsun su jira. Na ari shebur biyu, direban giredar ya matsa mini wuri.

Herminia