Goron Rabi

Litinin da dare, Madarunfa.

Jiya a tele aka ɗaura auren sakatariya da direba, a wasan ban dariyar nan na ma'aikata. Yau a wurin aiki babu hira sai tasu, har da masu guɗa. Ni ma na yi ta washe baki kamar wawa, ina satar kallon Rabi. Shekara huɗu teburinta na fuskantar nawa.

Sai ga ta tana rabon goro da alawa. Na ɗauka cikin wasan ne, na ce, "Na amaryar tele ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Na aurena ne, Malam Issa. Asabar, a Safo."

Shi direban tele ya buɗe baki ya faɗa wa sakatariya yana son ta; ni ban taɓa faɗa wa Rabi ba. Ni ga goro a aljihu, na kasa ci.