Roba da Mai Allura

Litinin, 3 ga Maris
Kafaɗar Roba ta sake gocewa, wajen saɓa jakar makaranta kawai. Jikata ce, budurwa ta fara zama, gaɓoɓinta na lanƙwasawa ta ko'ina, shi ya sa sunan ya bi ta. Ciwon gidanmu ne. Mahaifiyata ta yi shi, ƙanena ya yi shi, ni ma ga yatsuna nan. Tun tana ƙarama in ya taso mata, ɗakina take zuwa da yamma, in ɗumama mai a tafina in shafa mata, ina ba ta labarin mutanenmu. Yau uwarta ta ce likita ya tura su wurin wata mai allura. Wai ba ruwan magani a ciki, tsira mata kawai za a yi. Ni da na san ciwon nan tun ba a haifi likitan ba, ba wanda ya shawarce ni.

Alhamis, 6 ga Maris
Sun je. Ban tambaya ba.

Asabar, 15 ga Maris
Mai allura ta ce, mai allura ta yi. Har muryarta Roba ke kwaikwayo. Wai alluran sirara ne kamar gashi, wai hannun matar ba nauyi. Na ce nawa hannun dutse ne ke nan. Ta yi dariya, ta ce tsoho kishi yake. Kwalbar man tana kan taga, ko taɓa ta ba a yi.

Laraba, 19 ga Maris
Gwiwa ta tashi mata, ta shigo tana ɗingishi. Da na ji takunta sai na ji daɗi. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Ina cikin shafawa ta riƙe mini hannu. "Kaka, a hankali. Ta ce fatata ba ta son matsi." Na sassauta. Labarin bai fito ba.

Talata, 25 ga Maris
Ta wuce ƙofata da gudu, ita da ƙawarta. Da gudu.

Alhamis, 3 ga Afrilu
An riƙe uwarta a wurin aiki, ta bugo waya wai yau a bar zuwa wurin mai allura. Da na yi shiru, da yammar nan tawa ce. Na daɗe zaune da takalmi ɗaya a ƙafa. Na kai Roba.

Ɗaki ne ƙarami, farin labule, gado siriri. Matar ta gaishe ni har ƙasa, na amsa a taƙaice. Ta ce gaɓoɓin ba za su daina gocewa ba, zafin kawai take ragewa. To, ba ta yi ƙarya ba dai. Ta jera alluran a kafaɗa da gwiwa, ni ina kau da kai. Da na waiwayo, Roba ta yi barci, baki a sake, goshin nan ba yamutsewa ko kaɗan. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Na ce wa uwarta Alhamis mai zuwa ma ta yi zamanta a wurin aiki. Ba don komai ba, kujerar wurin tana yi wa bayana daɗi.