Ƙafar Mamanki

Zuwa ga 'yata, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya jikin ƙaramin da kika ce yana haƙori? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne saboda duk sanda kika kira, Mamanki na zaune kusa da ni tana hararata kada in yi magana. Ƙafarta ce. Watan jiya ƙusa ta huda mata takalmi, ta yini tana kai-kawo a kicin ba ta ji ba, sai da ta ga jini a ƙasa. Kin dai san ciwon sukarinta. Ta yi ta wankewa tana ɗaurewa, ciwon ya ƙi rufewa, har ya fara wari.

An tura mu babban asibiti, wurin wata likita da ƙafa da idon sawu kaɗai take dubawa. Ta zauna kan 'yar kujera, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta ce Mamanki ta rufe ido, in ta ji an taɓa ta ta faɗa. Ta riƙa taɓa tafin ƙafar da wani siririn zare mai tauri. Mamanki sai cewa take ta ji, ta ji, har lokacin da hannun likitar ke can gefe. Na dubi likitar, ita kuma ta sunkuyar da kai.

An ɗauki hoto, za mu koma jin sakamako. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Babanki

Auta,

Ina gaishe ku duka, da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, Allah ya yi albarka.

Labarin ba daɗi. Ciwon ya kai ƙashin ƙananan yatsu biyu. Likitar ta ce in an cire su yanzu ƙafar za ta tsira, in an jinkirta kuma sai dai daga ƙasan gwiwa. Mamanki ta sunkuya ta zura takalminta a kan bandejin, ta ce in tashi mu tafi gida.

Likitar ba ta tsare ta ba, ta dai tambaye ta me take tsoro. Nan Mamanki ta ba ta labarin mahaifinta, kakanki, wanda ba ki taso kin gani ba: yadda aka shiga da shi da ƙafa biyu, aka fito da shi da ɗaya, bai kuma ƙara wata ba a duniya. Likitar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Mama, shi an kawo shi a makare. Ke kina da sauran lokaci, amma ba yawa."

A mota na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. Na ce in ba ta tausayin kanta ta tausaya mini. Har yau ba ta amsa ba. Zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, abinci sai ta taɓa ta ture. Ni ma ba na iya ci, ina dai motsa cokali don ta gani.

Ki kira ta. Ta san na faɗa miki, kuma na sha faɗan.

Babanki

'Yata Auta,

Da fatan kun tashi lafiya, ke da mutanen gidan. Mun gode Allah, an yi aiki, an sallame mu.

Ban san me kika gaya mata ba, ita ma ta ƙi faɗa. Washegari dai ta miƙo mini doguwar rigarta ta ce in goge, wai ba za a yanke ta cikin yamutsattsun kaya ba.

Ranar da aka buɗe bandejin ta daɗe tana kallon gurbin yatsun. Ta yi kuka kaɗan, ta share, ta tambayi yaushe za ta taka. An auna mata takalmi na musamman, mai faɗi da laushi. Ta ce ko na maza ya fi shi fasali, amma tana sawa. Jiya ta dafa bango ta kai har ƙofar kicin.

Likitar ta ɗora mini aiki. Tunda ƙafar ba ta ji, kullum da safe zan wanke ta, in tsane tsakanin yatsu, in duba ko'ina da ido. A nan na ga wani dogon tsohon tabo a diddigenta na dama. Duk zamanmu ban san da shi ba. Da na tambaya, ta ce kwalba ce ta yanke ta ranar da kika sanƙare kina jaririya, ina wurin aiki, ta ɗauke ki ta ruga asibiti ba takalmi. Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce ai ranar da na iso, ke kaɗai na tambaya.

Na riƙe ƙafar har sai da ta ce ruwan ya huce.

In kin samu hutu ki zo. Tana gaishe ku, tana kuma cewa a sumbatar mata yaran.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Baba