Takardar da Baba Ke Yawo da Ita

Legas, 9 ga Yuli, 1972

Adda Asta,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Baba, yaya ƙafar Dada? Ina fatan ruwa ya sauka a Mbamba.

Ni lafiya lau. Na sake canja wurin kwana, karo na uku ke nan, amma kar Dada ta ji. Shi ya sa na ba Jami'ar Ibadan adireshin gida.

Jiya Boaz direba ya iso daga Jimeta, ya ce sun ɗauke ni karatun likita. Alhamdu lillahi! Shekara uku ina nema, Adda. Amma wai sati biyu ke nan takardar tana aljihun Baba, yana yawo da ita gida-gida, har liman ya tofa mata addu'a. Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya.

Boaz ya ce akwai fom a ciki. In ban sa hannu na mayar kafin ƙarshen wata ba, wani za a ba gurbin. An faɗa wa Baba, ya ce ai manya ba sa rubutawa su fasa.

Ke kaɗai yake jin maganarki. Don Allah ki lallaɓa ki karɓo, ki ba Boaz da zarar zai juyo. Ki bar wa Baba ambulan ɗin, hatimin jami'a na jiki. Ya ci gaba da nunawa, ni kuma a bar ni in je in zama likitan da ya riga ya gaya wa duk Yola.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Bobboyi